Yadda ake inganta abincin da yara ke ci a makaranta

Wanda yake son sanin ingancin abincin wata makaranta, ya je ya tsaya kusa da bokitin da ake juye ragowa bayan an gama rabo. Na daɗe ina cikin kwamitin iyaye mai sa ido kan ciyarwa a wata makarantar firamare kafin na gane haka. A takardar da ake kawo mana duk ƙarshen wata komai daidai yake: shinkafa buhu kaza, wake kaza, ganye kaza. Ranar da na tsaya na kalli rabon da idona, sai na ga wata yarinya 'yar aji biyu tana tsince ganye ɗaya bayan ɗaya daga kwanonta tana jerawa a gefe. Ta cinye shinkafar tas, ta je ta juye ganyen a bokiti. Da na leƙa bokitin, rabinsa ganye ne da waken da bai nuna ba. Ashe abin da ya fi amfani a cikin abincin shi ake zubarwa, mu kuwa muna ta sa hannu a takarda cewa yara sun ci.

Tun daga ranar na riƙe abu guda: lissafin abincin makaranta yana farawa ne daga abin da ya shiga cikin yaro. Duk matakan da zan kawo a kan wannan aka gina su.

Kuma al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar WFP, wato shirin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙiyasta cewa a 2022 yara miliyan 418 ne ke cin abinci a makarantunsu. Lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Afrilun 2020, kimanin yara miliyan 370 ne suka rasa wannan kwano. Ga da yawa daga cikinsu, shi ne abinci mafi kyau da suke samu a yini. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, yaron da ke jin yunwa ba ya riƙe karatu. To amma cika ciki daban, gina jiki daban. Yaro zai iya ƙoshi kullum da zallar sitaci, ya kuma kasance yana fama da ƙarancin jini, yana gyangyaɗi a aji, yana yawan ciwo.

Mataki na farko: ku auna abin da ake yi yanzu

Kada ku canza komai tukuna. Ku ɗauki mako guda cur kuna kallo kuna rubutawa. Kayan aikin ba su da yawa: sikelin rataya, littafi, biro, da bokiti biyu.

Kowace safiya a auna duk abin da ya fito daga sito zuwa kicin, ɗanyensa, kafin a wanke ko a dafa. A ƙirga yaran da suka ci a ranar, ƙirga ta kai da kai, domin sunayen da ke rajista sukan fi waɗanda suka zo yawa. Sai a raba nauyin kowane kaya da yawan yaran. Idan an fitar da wake kilo 3 aka ciyar da yara 300, kowane yaro giram 10 ya samu, wato bai kai cikin cokali guda ba. Mutane da yawa sai sun ga wannan lissafin a rubuce suke yarda cewa waken da suke gani yana yawo a tukunya ado ne kawai.

Bayan an gama ci, a juye ragowar kwanukan yara a bokiti ɗaya, abin da ya rage a tukunya a ɗaya bokitin, a auna kowanne. A duba kuma mene ne ya fi yawa a ciki. Daga nan sai a tambayi yaran, a keɓe, ba a gaban malami ko mai dafa abinci ba. Amsoshinsu gajeru ne amma suna da amfani: «yaji ya yi yawa», «waken da tauri», «kifin yana ƙarni», «kafin a zo kanmu ya huce». Ku tambayi masu dafa abinci su ma, cikin girmamawa, domin su suka san inda gizo ke saƙa. Sau da yawa matsalar ta itace ko gas ce, ko kayan da ke isowa a makare, ko tukunya ɗaya tal da za a dafa komai a cikinta.

Mataki na biyu: ku tsayar da ma'auni

A makarantar jeka-ka-dawo da ake ba da abinci sau ɗaya, abin da aka fi bi shi ne kwanon ya ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na buƙatarsa ta yini. Makarantar kwana kuwa duk buƙatar a wuyanta take. Idan ma'aikatar lafiya ko ta ilimi ta ƙasarku tana da rubutaccen ma'auni, shi za ku nema ku bi.

Idan babu, ga misalin da ya daɗe ana aiki da shi. Indiya ta fara shirin abincin rana na ƙasa a 1995, kuma a 2001 kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarnin a riƙa ba yara dafaffen abinci. Ma'auninsu ga ɗan firamare shi ne kalori 450 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) da furotin (sinadarin gina jiki) giram 12, daga hatsi giram 100, wake da danginsa giram 20, kayan lambu giram 50, da mai giram 5. Ga manyan ajujuwa kuma kalori 700 da furotin giram 20, daga hatsi giram 150, wake giram 30, kayan lambu giram 75, mai giram 7.5. Abin da nake so da wannan ma'auni shi ne sauƙinsa, mai dafa abinci za ta iya riƙe shi a ka.

Ku mayar da shi lissafin tukunya. Ga yara 300 'yan firamare, kullum ana buƙatar hatsi kilo 30, wake kilo 6, kayan lambu kilo 15, mai kilo ɗaya da rabi. A rubuta wannan da manyan baƙaƙe a manna a bangon kicin. A kuma sami mazubi ɗaya a auna shi a kan sikeli sau ɗaya, a yi masa alama da fenti, don kada a dogara da sikeli kullum. A ganina wannan ma'auni shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata, musamman wajen wake. Inda hali ya yi, a ninka shi.

Mataki na uku: ku gyara abin da ke cikin kwanon

A nan aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Kwanon yaro yana buƙatar abubuwa biyar: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, kayan lambu, ɗan mai, da 'ya'yan itace ko wani abu ɗanye mai tsafta. Na farkon ba a rasa shi a ko'ina. Shinkafa, masara, alkama, dankali, su ne suka fi araha, su ne kuma suke cika tukunya. Sauran huɗun ne ake ƙwange.

Ku fara da wake, domin shi ne gyara mafi araha. Busasshen wake giram 100 yana ɗauke da furotin sama da giram 20, shinkafa kuwa kimanin giram 7. Bayan yawa akwai kuma inganci. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda wake yake da shi sosai, shi kuma wake yana da ƙarancin wani da hatsi yake da shi. Idan aka haɗa su a kwano ɗaya sai su cike wa juna gurbi. Shi ya sa duk inda ka je a duniya za ka tarar mutane sun haɗa hatsi da wani nau'in wake tun kafin a san sunan furotin. Kashi uku na hatsi, kashi ɗaya na wake, haɗi ne mai kyau. Gyaɗa da waken suya su ma suna shiga wannan sahu.

Sai abincin da ya fito daga dabba. Ko kaɗan ne yana yin aikin da tsiro ba ya yi, domin bitamin B12 daga nan ake samunsa, kuma sinadarin ƙarfen da ke cikin nama da kifi jiki ya fi saurin ɗaukarsa. Ƙwai guda yana da furotin kusan giram 6. Ni na fi son dafaffen ƙwai a kan nama saboda dalili ɗaya: ana ƙirga shi. Yara 300, ƙwai 300, babu wanda zai ce nasa ya narke a miya. Nama kuwa idan kaɗan ne, wasu su sami tsoka wasu su sami romo. Idan dole sai naman, a niƙa shi ko a yanka ƙanana sosai a juya cikin abincin. Ƙananan kifaye da ake ci da ƙashinsu suna da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, kuma busassunsu idan aka daka aka zuba a miya kowa yana samun rabonsa. Ƙwai sau biyu a mako da kifi sau ɗaya babban ci gaba ne ga makarantar da ba ta ba da ko ɗaya.

Akwai yunwar da ba a gani, wadda yaro yake ɗauke da ita alhali cikinsa a cike. Sinadarai uku ne kan gaba a nan.

Na farko sinadarin ƙarfe. Rashinsa ke kawo ƙarancin jini, yaro ya riƙa gajiya da wuri, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. 'Yan mata da suka fara al'ada sun fi kowa buƙatarsa. Wake da ganye suna da shi, amma jiki ba ya ɗaukar na tsiro da sauƙi sai an taimaka masa da bitamin C. Saboda haka ranar da aka dafa wake, a ba da yankin lemo, ko gwaiba, ko tumatir ɗanye da aka wanke sosai, a ci tare a zama ɗaya. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin. Idan makaranta tana ba da shayi, a raba shi da lokacin abinci da aƙalla awa guda.

Na biyu bitamin A, mai kare ido da garkuwar jiki. Rashinsa ke kawo dundumi. Launi ne jagora a nan: karas, kabewa, mangwaro, gwanda, dankali mai jan ciki, da ganye mai duhun kore kamar alayyafo. Kabeji yana da nasa amfanin, amma bai kai su ba a wannan fanni, ko da yake shi aka fi saye don yana cika ido. Bitamin A kuma sai da mai yake narkewa ya shiga jiki, don haka ganyen da aka dafa babu ko ɗigon mai an yi asarar wani kaso na amfaninsa. Wannan giram 5 na mai da ke cikin ma'auni kada a taɓa shi.

Na uku aidin. Rashinsa ke kawo maƙoƙo, yana kuma dakushe ƙwaƙwalwa. Maganinsa ya fi kowanne sauƙi: gishiri mai aidin kaɗai zai shiga kicin, a ajiye shi a rufe a busasshen wuri. Amma a rage hannu wajen zubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, yaro kuma ƙasa da haka. Dunƙulen ɗanɗano yawancinsa gishiri ne, a haɗa shi cikin lissafin. Albasa, tafarnuwa, tumatir da kayan ƙamshi suna ba abinci daɗi ba tare da an cika gishiri ba.

Game da kayan lambu da 'ya'yan itace, hukumar ta ba da shawarar giram 350 a yini ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 9, da giram 400 daga shekara 10 zuwa sama. Kwano ɗaya na makaranta ba zai cika wannan ba, amma ya kamata ya ɗauki rabonsa.

Mataki na huɗu: ku rubuta jadawali

Jadawalin mako biyu ya isa. Kowace rana a rubuta abin da ke cike gurabe biyar ɗin nan, kada abinci ɗaya ya zo kwana biyu a jere. A yi shi tare da masu dafa abinci, domin jadawalin da aka rubuta a ofis ba a tambaye su ba a bango zai ƙare. A bi lokacin da kowane kaya ke yawa a kasuwa, shi ya fi araha ya fi kuma sabo. Kowane kaya a rubuta masa madadi daga jinsinsa: in babu karas a sa kabewa, in babu ƙwai a sa kifi ko a ƙara wake. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a rasa ƙwai a maye gurbinsa da ƙarin shinkafa. A liƙa jadawalin inda yara da iyaye za su gani. Yaron da ya san yau ranar ƙwai ce zai tambaya idan bai gani ba, kuma babu mai binciken da ya kai shi.

Mataki na biyar: saye da ajiya

Wajen sayen gari, mai da gishiri, a nemi waɗanda aka ƙara wa sinadarai, za a ga alamar a jikin buhu ko jarka. Man da aka ƙara wa bitamin A a ajiye shi inda rana ba ta taɓa shi, haske yana lalata bitamin ɗin. Akwai kuma irin shukar da aka inganta tun daga gona, kamar dankali mai jan ciki da wake mai yawan sinadarin ƙarfe. Idan ana noma su kusa, a fifita su.

Kayan lambu da ƙwai kuwa gara a saye su daga manoman da ke kusa. Barazil ta mayar da wannan doka a 2009, inda ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyarwar da gwamnatin tarayya ke bayarwa wajen sayen kaya daga ƙananan manoma. Makaranta ɗaya ma za ta iya yin nata daidai ƙarfinta: a yi yarjejeniya a rubuce da manoma biyu ko uku, a faɗa musu abin da ake so da ranar kawowa tun kafin su shuka, a kuma biya su a kan lokaci. Manomin da aka ja wa rai wajen biya ba zai sake kawo mai kyau ba.

Mutum biyu ne za su karɓi kaya, ɗaya daga kicin ɗaya daga kwamiti, su auna su sa hannu. A buɗe buhu a zura hannu har ƙasa. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna, ko ta canza launi, ko take warin danshi, a mayar da ita nan take. Irin wannan fumfuna tana haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma dafawa ba ta kashe ta. A sito, a ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. A rubuta ranar shigowa a jikin kowanne, wanda ya riga shiga shi zai riga fita.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa kada ya yi wasa da shi: maganin ƙwari, maganin ɓera, fetur da takin zamani ba sa kwana ɗaki ɗaya da abinci, kuma mazubin da ya taɓa ɗaukar su ba ya komawa kicin ko an wanke shi sau ɗari. A watan Yulin 2013 yara 23 suka mutu a jihar Bihar ta Indiya bayan sun ci abincin rana da aka dafa da man da ya gurɓata da maganin ƙwari. Ƙa'idar shirin abincin ƙasar ta tanadi cewa babba, malami ko wani daga cikin iyaye, ya ɗanɗana abincin kafin a raba, a kuma rubuta sunansa. Kowace makaranta ta ɗauki wannan. Idan mai dafa abinci ta ce man yana wani wari, a saurare ta.

Mataki na shida: girkin kansa

Ana iya sayen kaya masu kyau a kashe amfaninsu a kan murhu. Wake a jiƙa shi tun daren jiya, a zubar da ruwan, a ɗora da sabo. Hakan yana rage lokacin dahuwa, yana rage kumburin ciki, yana kuma rage sinadarin da ke hana jiki ɗaukar ƙarfe. A dafa shi har ya murƙushe tsakanin yatsu biyu. A makarantarmu wannan kaɗai ya rage waken da ke zuwa bokiti sosai, domin ashe ƙin yaran ba ƙin wake ba ne, ƙin tauri ne. Kada a zuba soda don ya yi saurin nuna, tana lalata wasu bitamin.

Ganye a wanke shi kafin a yanka, domin in aka yanka aka wanke amfanin yana bin ruwa. A zuba shi ana dab da saukewa, minti biyar ya ishe shi, ya fito da korensa. Ruwan da aka dafa kayan lambu a ciki a mayar da shi miya. Shinkafa a sa mata ruwa daidai wanda za ta shanye, kada a tace a zubar. Man da aka yi ta soya da shi har ya yi baƙi a rabu da shi.

Maganin yarinyar nan mai tsince ganye kuwa wuƙa ce. Mun roƙi babbar mai dafa abincinmu, dattijuwa ce da kowa ke kira Baba, ta gwada yanka ganyen ƙanana sosai, ta kuma markaɗa karas da kabewa cikin miya. Ta ce, «Ai da kun faɗa tun da wuri, ni ma haka nake yi wa jikokina.» Abin da ta nema a wurinmu wuƙaƙe biyu masu kaifi ne da ƙarin mutum ɗaya da safe. Masu dafa abinci su ne ƙashin bayan wannan aiki. A koya musu, a ba su kayan aiki, a biya su haƙƙinsu a kan kari, a kuma gyara musu murhu don kada hayaƙi ya cinye musu ido da ƙirji.

Tsafta tana cikin wannan mataki, domin yaron da abinci ya sa shi gudawa ya yi asarar abin da ya ci har da na jiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita ƙa'idojin a biyar: tsaftar hannu da wuri, raba ɗanye da dafaffe, dafawa sosai har zafin ya kai digiri 70, ajiyewa a yanayin da ya dace, da amfani da ruwa mai tsafta. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba. In za a jira, ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Wuƙa da katakon yankan nama daban, na kayan lambu daban. Mai dafa abincin da ke gudawa ko amai ta huta a gida, kuma kada a yanke mata kuɗin ranar, in ba haka ba za ta ɓoye ta zo.

Mataki na bakwai: rabo da ci

Lokaci yana da muhimmanci. Idan yara da yawa suna zuwa ba su karya ba, abincin da aka ba su ana dab da tashi bai taimaki karatun ranar ba. A matso da shi zuwa hutun farko, ko a ba da wani ɗan abu da safe.

Ludayi ya zama ɗaya, a san nauyin abin da yake ɗauka: ludayi kaza ga ƙananan aji, kaza ga manya. A riƙa juya tukunya ana rabo, don wake da kifi ƙasa suke zama, in ba a juya ba sai na farkon layi su tafi da ruwa-ruwa na ƙarshe su sami kauri, ko kuma ya ƙare kafin a zo kansu. Ƙanana su fara karɓa. Kowa da kwanonsa, domin in aka haɗa yara a kwano ɗaya mai saurin hannu ne ke ƙoshi, mai kunya ya tashi da yunwa. A ba su aƙalla minti 20 suna zaune. Kafin nan kowa ya wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba, ba a cikin roba ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba. Ruwan sha mai tsafta ya kasance kusa.

A tambayi iyaye tun farkon shekara ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ƙwai, madara ko kifi. A rubuta sunayen a ba kicin da malamin aji. Ga wasu yaran wannan batun rai ne.

Sabon abinci kuwa sai da haƙuri. Yaro yakan ga abu sau goma ko fiye kafin ya karɓe shi, don haka kada a cire shi daga jadawali saboda an ƙi shi a makon farko. A zuba kaɗan, a ci gaba da kawowa, kada a tilasta, kada a yi duka. Abin da ya fi saurin aiki shi ne malami ya zauna ya ci abinci iri ɗaya da yaran. A Japan, inda aka kafa dokar abincin makaranta tun 1954, yara ne da kansu suke sa fararen riguna da huluna su raba wa 'yan ajinsu, su ci tare da malaminsu a cikin aji, su kuma kwashe kayan. Ɗan lambun makaranta shi ma yana taimakawa. Ba zai ciyar da yara 300 ba, kada a ɗora masa wannan nauyi, amma yaron da ya shuka karas da hannunsa zai so ya ɗanɗana.

Mataki na takwas: abin da ke kewaye da kwanon

Duk wannan wahala za ta iya tafiya a banza idan yaro ya cika cikinsa da alewa da lemon kwalba kafin lokacin abinci. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini. Ga yaron da ke buƙatar kalori 1,800, wannan giram 45 ke nan, kuma gwangwanin lemo guda yana iya cinye mafi yawansa. Ƙasar Chile ta hana sayar da kayan da suka cika sukari, gishiri ko kitse a cikin makarantu tun 2016. Inda babu irin wannan doka, shugaban makaranta ya zauna da masu sayarwa a yi maganar fahimta. Su ma abincinsu suke nema, don haka a nuna musu abin da za su sayar a madadi, kamar 'ya'yan itace da dafaffen ƙwai.

Sai tsutsar ciki, wadda ke raba abincin da yaro. A wuraren da kashi 20 cikin ɗari na yara ko fiye suke ɗauke da ita, hukumar ta ba da shawarar a ba su magani sau ɗaya a shekara, sau biyu kuma inda abin ya wuce rabi. Wannan aikin ma'aikatan lafiya ne, haka ma ƙwayar ƙarin jini ta mako-mako ga 'yan mata. Naku shi ne ku je asibitin da ke kusa ku nemi a sa makarantarku cikin tsarin.

Mataki na tara: ku sake aunawa

Kada a ɗauki gyaran duka a lokaci ɗaya, musamman in kuɗi ba su da yawa. Ni ga jerin da nake bi: gishiri mai aidin da jiƙa wake da gyaran dahuwar ganye, waɗannan kusan ba sa cin ko sisi, a fara su gobe. Sai ƙara yawan wake. Sai mai da garin da aka inganta. Sai 'ya'yan itace a ranakun wake. Sai ƙwai ko kifi. Kowane gyara a ba shi mako uku ko huɗu ya zauna kafin a ɗora wani.

A ƙarshen zango a maimaita makon awon nan na farko, da sikeli ɗaya da littafi ɗaya, a jera lambobin gefe da gefe: giram nawa na wake ya kai ga kowane yaro, ragowa kilo nawa, kwana nawa aka bi jadawali, kwana nawa aka kauce kuma saboda me. A duba rajistar zuwa makaranta, a tambayi malamai yadda aji yake bayan hutu. Idan akwai ma'aikacin lafiya, a auna tsayi da nauyin yaran sau biyu a shekara, wanda aka ga yana ramewa ko ya tsaya ba ya girma a sanar da iyayensa a asirce a tura shi asibiti. Sakamakon a karanta shi a taron iyaye, masu dafa abinci suna zaune a wurin, sannan a zaɓi gyara ɗaya da za a fara da shi a zango mai zuwa, a rubuta sunan wanda zai bi shi da ranar da zai kawo rahoto.